An cire furostet: C61 za a rubuta ko Z85.46?

'Yar'uwa, kin tambayi lambar cutar da za ki sa a fayil ɗin dattijon da aka cire masa furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) bara saboda kansa, amma har yanzu yana zuwa karɓar allurar rage sinadarin maza.

Ki sa C61, lambar kansar furostet. Muddin ana ba shi magani domin kansar, a tsarin lambobin cututtuka na Amurka, wato ICD-10-CM, cutar tana nan, ko da an yi tiyata. Z85.46 ta wanda ya gama magani ce gaba ɗaya, babu alamar ciwon, sai bibiya kawai. Idan asibitinku da littafin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya yake aiki, takwarar Z85.46 ita ce Z85.4.

Amma ki buɗe fayil ɗin ki ga abin da likita ya rubuta da hannunsa. Idan a shafi guda ya ce "ya taɓa yin kansa", a gaba kuma ga takardar allura ta wannan watan, kada ki yanke hukunci da kanki, ki koma masa ya fayyace. Idan ya rubuta ciwon ya bazu zuwa ƙashi, sai ki ƙara C79.51.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. Mutanenmu kan ce "kansar mafitsara" suna nufin ta furostet, alhali mafitsara lambarta daban, C67. Kuskuren nan kaɗai ya isa ya jingina wa bawan Allah ciwon da ba nasa ba, duk likitan da ya ɗauki fayil ɗin daga baya kuma shi zai gani.