Da wane ma'auni Yarbawa ke auna mutum?

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar Bodija da ke Ibadan. Na mayar wa wata dattijuwa rarar canjin da ta manta, sai ta kira ni "omoluabi". Maƙwabcina kuwa ya fi ni sakin hannu, amma ta ce ba shi da tarbiyya, wai don ya gaishe ta hannunsa cikin aljihu. Yaya abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, ka sha yabo. Omoluabi shi ne abin da mu muke kira mutumin kirki, wato mai gaskiya, mai kunya, mai ganin girman manya, mai riƙe harshensa. Kalmar na da kwarjini a wajensu, har a 2011 gwamnatin Rauf Aregbesola ta yi wa jihar Osun laƙabi da Ipinle Omoluabi, wato Jihar Mutanen Kirki.

Tushen maganar shi ne iwa, wato hali. Sukan ce iwa lewa, hali shi ne kyau. Sukan kuma kwatanta hali da hayaƙi: ko ka rufe shi, sai ya nemi kafar fita. Mu dai zanen dutse muka kira shi. A labaran Ifa na addininsu na gargajiya, Orunmila, abin bautarsu na hikima da duba, ya auri wata mata mai suna Iwa, 'yar Suuru, wato Haƙuri. Ya kasa jure mata ya kore ta, gidansa ya watse, ya shiga duniya nemanta. Shi ya sa suke cewa haƙuri uban hali ne, kuma Musulminsu da Kiristansu duk za ka ji wannan a bakinsu.

Maƙwabcinka kuma gaisuwa ce ta kayar da shi, don nan ne Bayarabe ke fara karanta mutum. Yaro namiji yakan kwanta rub da ciki gaban babba, ana ce da wannan idobale, mace kuma ta durƙusa. A Yarbanci ba ka ce wa wanda ya girme ka "kai", sai "ku", ko da shi kaɗai ne. Wanda ya saɓa wannan, ba shi kaɗai ake zagi ba, har da gidansu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke raba laifin gida biyu. Abiiko shi ne wanda aka haifa ba a koya masa ba, laifin na iyayensa ne. Akoogba kuwa an koya masa ya ƙi ɗauka, wannan shi ya jawo wa kansa. Ka ga ke nan dattijuwar ba kyautarsa take dubawa ba, tambayarta ita ce wa ya rene shi.

A ganina ma'aunin yakan yi kure, domin akwai mayaudarin da ya iya rusunawa, kuma su ma sun san da haka. Ba za ta sa ran baƙo ya kwanta ƙasa ba. Ka dai ce wa abokinka gobe ya zare hannu daga aljihu, ya ɗan rusuna, ya ce mata "e kaaro ma", wato ina kwana, uwa.