Kyamarar Saher: neman kuɗi ne ko kare rai?

Ɗan'uwa, ka ce an ci ka tara sau biyu a hanyar Jidda zuwa Makka, kana tambaya ko Saher ɗin nan, kyamarar kama masu karya dokar tuƙi a Saudiyya, tana da wani amfani ban da tatsar aljihun direba. Ni ma ta taɓa kama ni, na kwana ina mita, amma gaskiya ɗaya ce. Kafin a fara kafa kyamarorin a 2010, duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san yadda samari ke tsere a manyan tituna, ana ƙetare jar danja kamar ba komai. Gudu shi ne ke mayar da ƙaramin karo ya zama jana'iza. Motar da ta bugi mai tafiya a ƙasa tana gudun kilomita 30 a awa, galibi mutum ya tashi da rauni. A gudun 60 kuwa, sai dai addu'a.

Abin da ya fi burge ni ma ba tarar ba ce, jirgin ƙasa ne. Tun 2018 jirgin Haramaini ke kai mutane Madina daga Makka, nisan kilomita 450, cikin awa biyu da 'yan mintuna, a hanyar da direbobin bas ke gyangyaɗi da tsakar dare. Riyad kuma ta fara buɗe nata na cikin gari a Disamban 2024, layi shida. In mota ta ragu, hayaƙi ya ragu, masu asma su samu sauƙi, ga ɗan tattaki zuwa tasha ga mu masu hawan jini.

Tarar dai ka biya ta Absher, manhajar gwamnati, kuma ka riƙa ɗaura bel, don kyamarar tana ganin wannan ma.