Me ya sa The Thing na 1982 ya faɗi a kasuwa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce yadda fim ɗin da ake yi wa kirari yau ya sha ƙasa lokacin da ya fito.

Darakta John Carpenter ya sake shirya labarin wani fim na 1951, nasa ya fito ranar 25 ga Yuni, 1982. An kashe kusan dala miliyan 15, ya tara kimanin miliyan 19.6 a sinimomin Amurka. Kada ka ɗauka riba aka ci: masu sinima na cire kasonsu, kuɗin talla kuma daban ne.

Lokacin fitowarsa ya cuce shi. Makonni biyu kafin nan fim ɗin E.T. ya fito da baƙon halitta mai shiga rai, jama'a suka yi ca a kansa. Sai ga The Thing da dodo mai cinye mutum ya ari kamanninsa, a wani sansani cikin ƙanƙarar Antatika, kowa na zargin ɗan'uwansa. Masu sharhi da yawa suka ce ƙazanta ce kawai, ga wurin da ƙirjin mutum ya wangame ya datse hannayen likita. A ganina ba su yi wa Rob Bottin, mai ƙera dodannin fim ɗin, adalci ba, domin da hannu ya ƙera waɗannan halittu. Kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka farfaɗo da fim ɗin.

Mutane kan rikita shi da na 2011 mai suna iri ɗaya, alhali na 2011 labarin abin da ya faru kafin labarin na 1982 ne. In bincike kake yi, nemi malamin nazarin finafinai ya haɗa ka da sharhin jaridun 1982.