Yaya ake auna kaifin hoton tauraron ɗan'adam?

Malam, ka ce taurari biyu duk ɗigonsu (wato faɗin ƙasar da kowane ɗigon hoto ke ɗauka) rabin mita ne, amma hoton ɗaya ya fi fita tas. Girman ɗigo daban, kaifi daban.

A Salon-de-Provence ta Faransa da Baotou ta China akwai filayen da aka yi wa fenti fari da baƙi, murabba'i-murabba'i, layinsu a ɗan karkace. In tauraro ya ɗauka, sai a duba ɗigo nawa aka ci kafin baƙi ya koma fari. In iyakar ta yi dishi-dishi, to madubin kyamarar ne, ko motsin tauraron, ko hazo. Daga nan ake fitar da ma'aunin MTF, wato ma'aunin kaifin hoto, shi nake so ka riƙa nema.

Tauraron Landsat 7 mai ɗigon mita 30 kuwa, da doguwar gadar Tafkin Pontchartrain ta Amurka aka gwada shi.