Sitikar PAF a bayan fikof: da gaske gitar ta 1959 ce?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wani dillali ya kawo min Gibson Les Paul daga kayan gwanjo na Kwatano. Ya kwance fikof ɗaya, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyin gita, ya nuna min baƙar sitika mai rubutun PATENT APPLIED FOR (PAF), ya rantse gitar ta 1959 ce. Na riga na ba shi kafin alƙalami, tun jiya kuma barci ya ƙaurace min. In cika kuɗin?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna.

Abin da ya faɗa game da sitikar ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Seth Lover ne ya ƙera wa Gibson wannan fikof mai koyil biyu, ya hau Les Paul a 1957 ya maye gurbin tsohon fikof mai suna P-90, kuma an ci gaba da manna masa wannan sitika har wajen 1962, lokacin da aka koma mai lamba 2,737,842. Daga baya a shekarun 1960 aka shiga na masu harafin T a kan koyil.

To amma fikof ba ƙashin gita ba ne, riga ce. Noti biyu da ɗigon dalma ke riƙe da shi, yaron mai gyaran rediyo ma zai sauya shi kafin shayi ya huce. Kullum sai na maimaita wannan, kullum sai wani ya zo min da hoton sitika kamar ya tsinci takardar haihuwa. Ita sitikar ana sayar da ita a intanet da 'yan daloli, a shafa mata ƙura da hayaƙi ta tsufa a dare ɗaya. Gibson da kanta tana manna irinta a sababbin fikof. Ko da ma PAF ɗin na gaske ne, shekarunsa kawai ya faɗa maka. A shekarun 1970 mutane da yawa sun cire PAF suka saka fikof na kamfanin DiMarzio don neman ƙara, waɗanda aka cire kuma suka bazu cikin wasu gitoci. Ga kuma kwaikwayon Japan irin su Greco da Tokai, masu kyau ƙwarai, waɗanda 'yan damfara ke sauya wa suna a kai.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu cewa a fasa murfin ƙarfen a leƙa ciki. Wayar koyil ta fi gashin kai siriri. Sukundireba ta goce sau ɗaya, fikof ya mutu. Ko bai mutu ba, dalmar asali da ka narkar ita ce babbar shaidar cewa ba a taɓa shi ba, ka kuwa goge ta da hannunka. Dillalinka da ya kwance shi yana juya shi a tafin hannu, Allah ya sa bai ja wayar ba.

Les Paul Standard da aka yi daga 1958 zuwa 1960 ba su kai 2,000 ba, ana sayar da guda a dubban ɗaruruwan daloli. Ka auna wannan da kuɗin da aka yanka maka.

Ga abin da za ka duba. Buɗe murfin baya ka karanta lambar da ke jikin fot, wato abin da ke ƙarƙashin maɓallin ƙara. Ukun farko na kamfani ne, 137 na CTS, 134 na Centralab, sauran shekara da mako: 1377512 na nufin mako na 12 na 1975, gitar ba za ta girmi ranar ba sai in an sauya fot ɗin. Sannan ka juya bayan kan gitar. Ta 1959 lambarta da tawada aka buga, tana farawa da 9. Idan ka ga MADE IN USA an dannata cikin katako, daga 1970 zuwa sama ce, magana ta ƙare.

Ɗauki hotunan waɗannan wurare da rana, har da dalmar da ke kan fot, ka turo min kafin ka sake zama da shi.