Tambayoyin Masu Karatu: 'Yata ta daina cin abinci saboda gasar karate

Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 19 tana koyon karate tun tana sakandare. Yanzu malaminsu ya ce zai sa sunanta a wata gasa da 'yan ƙasashen waje za su zo, a ajin 'yan ƙasa da kilo 50, alhali nauyinta kilo 53 ne. Ta daina cin abincin dare, ruwa ma sai na yi da gaske take sha. Babanta kuma ya ce ba za a fasa wa 'yarsa fuska ba, kuma ba za ta fita gaban jama'a kai buɗe ba. Me kike gani?
Wata uwa, Agege, Legas

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita.

Bari in fara da maigidan, tunda nasa ya fi sauƙin warwarewa. Ina jin dambe yake hangowa, inda sai ka kai abokin karawa ƙasa ake cewa ka yi kisa. A kumite, wato karawar mutum biyu a karate, kai mutum ƙasa da duka mai nauyi irin wannan ne zai sa a kore ka. A wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo a 2021, Tareg Hamedi na Saudiyya yana kan gaba da maki, sai ya yi wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri a wuya, mutumin ya suma. Alƙalai suka fitar da Hamedi, wanda ya suma ɗin shi ya tafi da zinare. Abin da ake ba wa maki shi ne ki kai hari daidai wurin, cikin sauri, ki janye ba tare da kin ji wa kowa ciwo ba. Naushi maki 1, shuri a jiki maki 2, shuri a kai ko hari kan wadda ta faɗi maki 3. Minti 3 ake yi, in kuma tazara ta kai maki 8 an tashi. Suna sa safar hannu, robar haƙori, kariyar ƙirji da ta ƙwauri. Ba na ce ba a fasa leɓe ba, ana yi, amma kuskure ne da ake hukunta mai shi.

Batun kai kuwa, tun 2013 hukumar karate ta duniya, WKF, ta amince mata su sa ɗankwali baƙi marar ado. Feryal Abdelaziz ta Masar da kanta a rufe ta ci zinare a Tokyo, ta zama mace ta farko da ta kawo wa ƙasarta zinaren Olamfik. Sai dai kada in yi muku rufa-rufa: dokar ta ce ya rufe gashi, ya bar wuya. Ba hijabi ba ne irin wanda muka sani. Wannan ku ne za ku zauna da ita ku yanke.

Ni abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne kilo ukun nan. Ajin manyan mata biyar ne: ƙasa da kilo 50, 55, 61, 68, sai waɗanda suka haura 68. Mai kilo 53 tana da gurbinta a ajin 55, ba sai ta kwana da yunwa ba, kuma ba ajin raini ba ne, a cikinsa Ivet Goranova ta Bulgeriya ta ci zinare a Tokyo. To me ya sa sai 50? Ki je da kanki ki tambayi malamin, cikin mutunci. Wani lokaci yana ganin tsawonta zai ba ta galaba a kan ƙananan. Wani lokaci kuwa ƙungiyar tana da wata a 55 ne, ana neman mai cike gurbi. Na biyun nan ba dalili ba ne da zai hana 'yarki tuwo.

Ƙin shan ruwan ya fi komai tayar mini da hankali. Yarinyar da za ta taso daga Agege cikin zafin nan da cunkoson motoci, ta yi atisaye tana zufa, sannan ta ƙi ruwa, jiri ne zai fara kama ta, idonta ya daina riga hannun abokiyar karawarta. Wasan kuma gaba ɗayansa sauri ne: in aka tashi kunnen doki, wadda ta fara samun maki ita ake ba wa nasara. Yunwar da ta daɗe kuma tana iya rikita mata al'ada, jininta ya yi ƙasa. In har dole sai ta sauka aji, aikin watanni ne da shawarar likita, ba na mako biyu ba.

Kafin a ce e ko a'a, ki lallaɓa maigida ku je kallo. A nan Legas ake yin gasar karate ta mata zalla da Hajiya Zainab Saleh ta assasa, an sha yin ta a filin wasa na Teslim Balogun da ke Surulere. Ya zauna ya ga yadda alƙali ke tsayar da wasa da zarar hannu ya yi nauyi. Amma ruwa da abincin dare, yau ɗin nan za ta koma musu, ba sai an jira kallo ba.