Ku Tambaya Mu Amsa: Da Gaske Ne Gasar NFL Ta Halasta Wiwi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci, ina riƙon ɗan ƙanwata tun rasuwar mahaifinsa. Shekararsa 19. Yaron nan ya bar kallon Firimiya ya koma ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano ana karo da juna, har ƙarfe biyun dare yana kan waya. Kwanan baya na ji warin wiwi a rigarsa. Da na tsare shi bai musa ba, sai ma ya ce ni ne ban waye ba, wai gasar NFL ta daina hukunta 'yan wasanta a kan wiwi saboda likitocinsu sun gano magani ce. Na rasa amsar da zan ba shi. Gaskiya ne abin da ya faɗa?
Daga kawun yaro, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya. Ɗan naka ya ɗauko rabin labari ne, rabin da ya yi masa daɗi. Kada ka ce masa ƙarya yake, domin zai buɗe waya ya nuna maka, daga nan kuma ka rasa kunnensa. Gaskiya ne tun shekarar 2020 NFL ba ta dakatar da ɗan wasa don kawai an ga wiwi a fitsarinsa. Amma ba a ɗakin likita aka yanke wannan ba. A teburin ciniki aka yanke shi.

Ga yadda abin yake. Gasar tana da kulob 32, masu su attajirai ne, 'yan wasan kuma suna da ƙungiyar ƙwadago tasu mai suna NFLPA. Duk wata doka ta gwaji da hukunci sai ɓangarorin biyu sun sa mata hannu. A 2020 masu kulob suna son a ƙara wasa ɗaya a kaka, daga 16 zuwa 17, domin wasa ɗaya a talabijin ɗin Amurka kuɗi ne mai yawan gaske. 'Yan wasa ba sa so, tun da jikinsu ne zai ɗauki ƙarin dukan. Sai aka yi ta ba-ni-in-ba-ka: an ƙara musu kaso cikin kuɗin shiga, an ɗaga albashin ƙananan 'yan wasa, aka haɗa da sassauci a kan wiwi. Ko da haka da ƙyar yarjejeniyar ta sha, 'yan wasa 1,019 suka amince, 959 suka ƙi. Ka ga ashe sassaucin wani ɓangare ne na farashin wasa na 17.

Kafin nan dokar tana da tsanani, kuma ta wani gefen abin dariya ce. Wanda ba shi da tarihin kamu sau ɗaya ake gwada shi a shekara, tsakanin 20 ga Afrilu da farkon Agusta. (Ita 20 ga Afrilun nan kuwa ita ce ranar da mashaya wiwi a Amurka suka mayar ranar bikinsu.) Kowa ya san lokacin, kamar malamin firamare ne ya sanar cewa ranar Litinin zai duba farce. Mai wayo ya dakata na 'yan makonni, ya ba da fitsari mai tsabta, ya ci gaba da harkarsa. Wanda ake kamawa shi ne wanda ba ya iya dakatawa ko da ya san ranar, wato wanda abin ya riga ya kama. Shi kuma da zarar ya shiga tsarin sa ido, ana iya gwada shi har sau goma a wata, kuma hukunci na hawa daga tara zuwa dakatarwar wasa huɗu har zuwa shekara guda, babu albashi.

Ka ba ɗanka labarin Josh Gordon, in dai yana bin gasar ya san sunan. A 2013 yana Cleveland Browns, yana ɗan shekara 22, ya fi kowa a gasar yadin da aka samu ta hanyar cafe ƙwallo: yadi 1,646 a wasa 14 kacal. Shekarar da ta biyo baya aka bayyana cewa ya faɗi gwajin wiwi. Ana raba fitsari kwalba biyu ne. A lokacin iyakar sinadarin THC, wato abin da ke sa maye a wiwi, nanogiram 15 ce a kowace mililita. Kwalbar farko ta nuna 16, ta biyu ta nuna 13.6. Fitsari ɗaya, mutum ɗaya, rana ɗaya. Da ta biyun aka fara buɗewa da ya wuce lafiya, amma doka ta ce aikin kwalba ta biyu shi ne ta tabbatar akwai sinadarin, ba sai ta kai iyaka ba. Lauyoyinsa suka ce hayaƙin wasu ya shaƙa. Aka yi watsi da ƙararsa, aka ba shi shekara guda, sai da aka sauya doka a Satumbar 2014, aka ɗaga iyakar zuwa 35, sannan aka mayar masa da hukuncin wasa 10. A ganina an matsa masa a wannan karon. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Bai buga ko wasa ɗaya ba a 2015 da 2016, an yi ta mayar da shi ana sake dakatar da shi, kuma shi da bakinsa ya bayyana cewa tun yana yaro yake fama da shaye-shaye, ba wiwi kaɗai ba. Lokacin da New England Patriots suka ɗauki kofin kakar 2018 ɗan wasansu ne, amma ba ya filin, yana dakace.

Kafin shi an yi Ricky Williams na Miami Dolphins, wanda aka hana shi kakar 2006 gaba ɗaya saboda karya dokar kayan maye har ya tafi Kanada ya buga wa Toronto Argonauts. An kuma yi Laremy Tunsil, wanda a daren zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 aka saki bidiyonsa yana zuƙa ta cikin abin rufe fuska, kulob-kulob suka yi ta tsallake shi har sai lamba 13.

To me ya sa aka sassauta? Ƙasar ce ta canza a ƙarƙashin gasar. Jihohin Kolorado da Washington sun halasta wiwi ga manya a 2012, kuma a Fabrairun 2014 kulob ɗin da suka kara a wasan ƙarshe, Denver da Seattle, daga waɗannan jihohin biyu suka fito. Sannan akwai batun ciwo, wanda nan ne maganar “magani” ta samo asali. Wannan wasa yana farfasa jiki. Shekara da shekaru ana ɗura wa 'yan wasa ƙwayoyin kashe zafi masu kama mutum, ana yi musu allurar Toradol kafin su shiga fili. Brett Favre, ɗaya daga cikin manyan taurarin gasar, sai da ya kwanta a gidan gyaran mashaya a 1996 saboda ƙwayar Vicodin. Eugene Monroe na Baltimore Ravens ya fito fili a 2016 yana cewa a bar 'yan wasa su yi amfani da wiwi maimakon waɗannan ƙwayoyi. Hujjarsu ita ce wani sharrin ya fi wani. Ita kanta NFL ba ta taɓa cewa ta gano magani ba. A 2022 ne ma ta ba da dala miliyan 1 ga masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da jami'ar Regina ta Kanada su duba ko sinadaran ganyen na taimakawa wajen ciwo. Wanda ya riga ya san amsa ba ya biyan kuɗi a nemo masa ita.

Kuma har yau ba a cire ta daga jerin abin da aka hana ba. A 2020 an ɗaga iyakar zuwa 150, an taƙaita gwajin zuwa mako biyun farko na sansanin atisaye, a Disambar 2024 aka sake ɗagawa zuwa 350. Wanda ya haura ana miƙa shi ga likitoci, akwai tara, wanda kuma ya yi ta ƙin gwaji ko ƙin bin magani ana iya dakatar da shi.

Yanzu mu dawo Tudun Wada. A Kolorado ɗin ma ba za a sayar wa ɗanka ba, sai mai shekara 21. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da wuri yana sha kullum ya fi shiga haɗarin taɓin hankali. Ɗan wasan NFL yana da likitan kulob, da lauyan ƙungiya, da albashin da talakansa ke ɗaukar ɗaruruwan dubban daloli a shekara. Ɗanka kai kaɗai yake da shi da kekenka na ɗinki. A nan dokar NDLEA ce ke aiki, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ita, kuma babu wata yarjejeniyar ƙwadago da za ta fitar da shi. Batun addini ban taɓa ba, ka fi ni sanin malamin da yake jin maganarsa.

Shawarata kada ka fara da duka ko kora. Ka zauna da shi ka tambaye shi tun yaushe, da su wa, kuma wiwi ce kaɗai ko akwai ƙwaya da maganin tari. In ka ga ba ya barci sai da ita, ko ya fara zargin mutane ba dalili, ko yana magana shi kaɗai, ku je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ba sai abin ya kai ga ɗauri ba.

TAMBAYA: Malam, ni kocin yara ne, muna atisaye a Dandalin Murtala. Muna yawan jin an dakatar da ɗan wasa ya ce zai ɗaukaka ƙara. Ana cin nasara kuwa, ko dai bakin cika ne?
Daga wani koci, Unguwar Shanu.

AMSA: Koci, ana ci, amma ba da rantsuwa ba. A NFL dokoki biyu ne daban. Ta kayan maye ita ce wadda na yi bayani a sama. Ta magungunan ƙara kuzari kuwa ba a sassauta mata ba: duk mako a cikin kaka ana zaɓar mutum 10 daga kowane kulob a gwada, wanda aka samu da maganin gina tsoka wasa shida ne a karon farko. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ne da alhaki, ko ka sani ko ba ka sani ba. DeAndre Hopkins ya ce bai san yadda sinadarin ya shiga jikinsa ba, duk da haka ya zauna wasa shida a 2022.

Shari'ar da na fi so in ba da misali da ita ita ce ta Kevin Williams da Pat Williams na Minnesota Vikings a 2008. Sun sha wani maganin rage ƙiba mai suna StarCaps, ashe akwai sinadarin sa fitsari a ciki wanda ba a rubuta a jikin kwalbar ba. Suka ce gasar ta san da haka ba ta gargaɗe su ba, suka garzaya kotu. Kusan shekara uku ana jan magana, ƙarshe Kevin ya zauna wasa biyu a 2011. Kotu ta saya masa lokaci, ba ta wanke shi ba.

Wanda ya ci tas shi ne Richard Sherman na Seattle Seahawks a Disambar 2012. Nasararsa ba a kan cewa shi mutumin kirki ne ta tsaya ba. Ya nuna cewa kofin da ya yi fitsari a ciki yana yoyo, mai karɓar samfurin ya sa wani kofin da hatiminsa a karye yake a ƙarƙashi, kuma bai rubuta hakan a rahotonsa ba. Aka soke dakatarwar wasa huɗu. Abokin wasansa Brandon Browner, da aka kama su lokaci guda, ya janye tasa ƙarar ya zauna nasa huɗun. Tun 2014 masu sauraron irin wannan ƙara alƙalai ne masu zaman kansu da gasar da ƙungiyar 'yan wasa suke naɗawa tare. A da mutumin shugaban gasar ne ke saurara, ka ga kuwa mai hukunci shi ne mai jin kuka.

Amma koci, yaranka ba wannan tsarin za su tarar ba. NFL ba ta ƙarƙashin WADA, wato hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun magunguna a wasanni, ƙwallon ƙafarmu da guje-guje kuwa suna ƙarƙashinta, kuma can hukunci da watanni da shekaru ake lissafa shi, ƙara kuma tana ƙarewa ne a kotun wasanni ta Lausanne a Suwizalan. Ka tuna Andre Onana yana Ajax a 2021: ya ce ƙwayar matarsa ya sha bisa kuskure, aka ba shi wata 12, kotun ta yarda ba da gangan ba ne amma wata 9 ta mayar da shi. A shekarar ce 'yar tseren Amurka Sha'Carri Richardson ta rasa tseren mita 100 na gasar Olympics ta Tokyo saboda wiwi, a daidai lokacin da ɗan NFL ba zai rasa ko wasa ɗaya ba a kan abu guda.

Abin da ya fi kusa da kai shi ne tiramol. Tun Janairun 2024 WADA ta haramta shi a lokacin gasa, kuma ni da kai mun san akwai yaran da ke haɗiyarsa kafin su shiga fili don kada su ji gajiya. Ka sa kowane yaro ya riƙa nuna maka kwalin duk abin da ya sayo a kemis kafin ya sha, ka rubuta sunan maganin da ranar a littafinka. Duk ranar da aka kira ɗayansu gwaji, ya duba hatimin kofin da idonsa, ya karanta lambar kwalaben biyu, in ya ga wani abu ba daidai ba ya sa a rubuta a takardar kafin ya sa hannu.